Shaidar Mutum Huɗu

Wanda ya taso daga birnin Katsina ya nufi kudu zuwa Dutsin-Ma zai ratsa ƙasar Kurfi kafin ya hango duwatsun da suka ba garin sunansa. Maƙwabta ne na ƙut da ƙut, mutanensu na cin kasuwannin juna, aure ya sarƙe gidajensu, kuma kowane gari cikin biyun yana da tasa alaƙar da kalmar zaɓe. Dutsin-Ma ce mazaunin 'Yandakan Katsina, ɗaya daga cikin manyan hakimai huɗu da al'ada ta ɗora wa nauyin fito da sabon Sarkin Katsina idan Allah ya yi wa mai ci rasuwa. Kurfi kuwa mazaunin Maraɗin Katsina ce, rawanin da ya daɗe a kan Alhaji Ahmadu Kurfi, mutumin da ya riƙe muƙamin babban sakataren hukumar zaɓe ta tarayya, FEDECO, a zaɓen 1979 wanda ya kawo ƙarshen shekara goma sha uku na mulkin soja. A gari ɗaya an gaji zaɓen da mutum huɗu ke yi bayan sun rufe ƙofa, a ɗayan an san yadda ake ƙirga ƙuri'u miliyoyi a bainar jama'a. Mafi yawan masu ilimin zamani za su ce na biyun ne zaɓe, na farkon kuwa tsohon yayi ne da ake lallaɓawa don girmama kakanni. Ni ina ganin tambayar ta fi haka zurfi, domin tana komawa ne ga abin da ke sa zaɓe, ko wane iri, ya wajabta biyayya a kan wanda bai halarce shi ba.

Sai an fara duba yadda aka gina majalisar kafin a yi mata hukunci. Ƙaura yana Rimi, Galadima yana Malumfashi, Durɓi yana Mani, 'Yandaka yana Dutsin-Ma. Babu ɗayansu da ke zaune a gindin fada yana jiran tuwon gidan sarki. Kowanne yana da ƙasarsa da dagatansa da talakawansa. Sarautun kansu sun girmi jihadi. Shaidar haka tana Maraɗi, inda zuriyar sarakunan Katsina na dauri suka kafa sabon zama bayan an kore su daga birni a 1807: sun tafi da sunayen nan huɗu cif, kuma M. G. Smith, da ya yi nazarin Maraɗi ta zamanin Ɗan Baskore, ya bayyana su a matsayin rukunan da sarauta ke tsaye a kansu. Labarin da aka gada game da Durɓi ma abin lura ne. An ce Korau, mutumin 'Yandoto, ya kayar da Sanau, sarkin ƙarshe na Durɓawa, ya karɓe mulki, amma gidan da aka kayar bai ɓace ba, ya ci gaba da riƙe sarautar Durɓi da bakin magana a naɗin sarki. Bayan jihadi an sake irin wannan sulhu. Shugabannin jama'a a ƙasar Katsina uku ne, Ummarun Dallaje da Ummarun Dumyawa da Malam Muhammadu Na Alhaji. Sarautar birni ta tafi ga Dallaje, sarautar 'Yandaka kuma ta zauna a gidan Na Alhaji. Ma'ana, mai zaɓen sarki a asalinsa tsara ne da ya haƙura da karaga, aka saka masa da ikon faɗin wanda zai hau ta. Bai samo nauyinsa daga alherin sarki ba, ya zo da shi ne daga gida.

Malaman fiƙihu suna da suna ga irin waɗannan mutane: ahlul halli wal aƙdi, masu kwancewa da ƙullawa. Al-Mawardi, wanda ya rasu a 1058, ya tattauna batunsu a farkon Al-Ahkamus Sulɗaniyya, ya gindaya musu sharuɗɗa uku: adalci, da ilimin da zai sa su gane wanda ya cancanta, da basirar da za ta kai su ga wanda ya fi dacewa da maslahar jama'a. Da ya zo kan adadinsu sai ya kawo saɓani mai faɗi. Wasu sun ce sai manyan kowane gari sun yarda. Wasu sun ce mutum biyar sun isa, suna kafa hujja da mubaya'ar Sayyidina Abubakar da kuma mutum shidan da Sayyidina Umar ya ware, waɗanda biyar daga cikinsu za su miƙa wa ɗaya. Malaman Kufa sun ce uku, suka kwatanta al'amarin da alƙali da shaidu biyu, ko ɗaurin aure da waliyyi da shaidu biyu. Akwai ma wanda ya ce mutum ɗaya ya isa. Tun da malamai sun yarda adadi ya motsa daga ɗaya zuwa dukkan manyan ƙasa, amma ba su yarda sharaɗin adalci ya motsa ba, ke nan sun nuna mana inda suke ganin ƙarfin zaɓe yake. Kwatancen malaman Kufa kuwa shi ne mabuɗin: sun ɗauki mai zaɓe a matsayin mai ba da shaida.

Wannan ita ce hujjar da nake son kafawa. Idan 'Yandaka ya ambaci sunan ɗan sarki a ɗakin zaɓe, abin da yake yi shi ne shaida a kan abu biyu: cewa wannan mutum ya cancanta, da cewa mutanen da ke bayansa, daga Dutsin-Ma zuwa ƙauyukan gaɓar madatsar ruwan Zobe, za su karɓe shi. Ibn Taimiyya ya jaddada ɓangare na biyun a Minhajus Sunna, inda ya nuna cewa halifancin Abubakar ya tabbata ne saboda galibin masu faɗa a ji sun bi mubaya'ar, da sun ƙi, hannun Umar kaɗai da bai isa ba. To, idan zaɓe shaida ne, dokokin shaida sun hau kansa, kuma duk almajirin da ya sauke Risala ta Ibn Abi Zaid a zaure ya san su. Ba a karɓar shaidar abokin gaba a kan abokin gabarsa, ba a karɓar ta ɗa ga mahaifinsa ko ta mahaifi ga ɗansa, ba a karɓar ta wanda zai jawo wa kansa amfani da ita ko ya tunkuɗe wa kansa cuta. Malamai ba su ce waɗannan mutane maƙaryata ne ba. Tuhuma ce kawai ta hau kansu, kuma tuhuma ta isa ta rushe shaida ko da abin da aka faɗa gaskiya ne. Idan alƙalin ƙauye ba zai raba gardamar akuya da shaidar mai tuhuma ba, yaya za a miƙa ƙasa guda da ita? Abin da Abdurrahman bin Auf ya yi a shekara ta 23 bayan hijira misali ne na wanda ya fahimci haka. Yana cikin mutum shidan da za a iya zaɓa, sai ya fara da cire kansa daga takara, sannan ya kwana uku yana bin mutanen Madina yana jin ta bakinsu, kafin ya miƙa hannu ga Sayyidina Usman. Ya kawar da tuhuma tukuna, ya tattaro abin da zai yi shaida a kansa, sannan ya yi magana.

Turai ma ta yi wannan gwaji na tsawon ƙarnuka, kuma darasinta bai saɓa ba. A Daular Rum Mai Tsarki, wadda cibiyarta ke ƙasashen Jamus, dokar da Charles na Huɗu ya kafa a 1356 ta tsayar da masu zaɓen babban sarki su bakwai: manyan limaman coci na Mainz da Trier da Kolon, da sarkin Bohemiya, da masu mulkin Palatinet da Saksoni da Brandenburg.  Kowane ɗaya cikin bakwai ɗin yana da ƙasa da sojoji da taska, don haka ba a iya tsorata shi cikin sauƙi. Amma ana iya sayensa. A zaɓen 1519, lokacin da Charles na Biyar ya kara da Sarkin Faransa, kuɗin da aka kashe wajen shawo kan masu zaɓe ya kai kimanin filori dubu 850, kuma fiye da rabi ya fito ne daga aljihun attajirin nan Jakob Fugger a matsayin bashi. Shaida tana lalacewa ta ƙofa biyu, tsoro da kwaɗayi, kuma toshe ɗaya ba ya toshe ɗayar.

Ƙalubale na farko da za a kawo daga wajen masu tsoron Allah yake fitowa. Za su ce mulki na Allah ne, yana ba wanda ya so yana karɓewa daga wanda ya so, don haka duk wanda ya hau karaga Allah ne ya ba shi, binciken yadda ya hau kuwa ƙarancin tawakkali ne. Maganar farko gaskiya ce, amma abin da aka gina a kanta bai biyo ba. Arziki ma Allah ke bayarwa, wannan bai hana a tambayi mai dukiya ta ina ya samo ta ba. Ƙaddara tana bayyana abin da ya auku, shari'a tana faɗin abin da aka ɗora wa mutum ya yi, kuma ba a kafa hujja da ta farko don a kauce wa ta biyu. Da hujjar nan ta tsaya, da Shehu Usmanu bai ɗaga murya a kan sarakunan Gobir ba, tun da su ma Allah ne ya ba su. Alhali a Kitabul Farƙ, cikin halayen mulkin da aka lissafa a matsayin saɓa wa Musulunci, har da cin sarauta ta hanyar gado da fin ƙarfi ba tare da shawara ba. Kuma Katsinawa suna da hujja ta kusa da gida: Usulus Siyasa, wanda Muhammadu Bello ɗan Shehu Usmanu ya rubuta wa Ummarun Dallaje da kansa, yana gargaɗi a kan son shugabanci da nemansa, yana ɗaukar mai kwaɗayin sarauta a matsayin wanda bai dace da ita ba. Idan ana so a gane mai kwaɗayi a kauce masa, dole a sami masu tantancewa waɗanda kwaɗayinsa ba zai iya saye ba.

Tarihin daular Sakkwato kanta ya nuna abin da ke biyo baya idan aka tsallake shaidar mutanen gari, ko da mai tsallakewar Sarkin Musulmi ne. Da Sarkin Kano Muhammadu Bello ya rasu a 1893, Sarkin Musulmi Abdurrahman ya tsaya a kan a naɗa ɗansa Tukur, alhali zukatan da yawa daga manyan Kano suna wajen Yusufu ɗan Abdullahi Maje Karofi. Ta fuskar tsari Sakkwato na da ikon naɗawa, babu mai musun haka. Amma Yusufawa suka fice zuwa Takai, aka shiga Basasa, sabon jagoransu Aliyu Babba ya ci birnin Kano a 1894, Tukur ya gudo ƙasar Katsina, aka ci shi da yaƙi a Tafashiya a 1895. Ikon naɗawa ya ba Tukur rawani, bai iya ba shi biyayyar da aka ce akwai alhali babu ita ba.

Ƙalubale na biyu shi ne mafi nauyi, kuma daga cikin gidan Katsina yake. A 1906 Turawa suka tuɓe Sarki Yero, na ƙarshe a jerin Dallazawa, Razdan Palmer ya tsaya aka naɗa Durɓi Muhammadu Dikko, Basulluɓe, wanda gidansu bai taɓa sarautar birni ba. Ta ma'aunin da na kafa, wannan naɗi ya karya kusan kowace doka: mai zaɓe ya zama abin zaɓa, kuma hannun da ya ɗora shi na mai mamaya ne. Duk da haka Dikko ya yi shekara 38 a kan karaga, a zamaninsa aka buɗe Kwalejin Katsina a 1922, ɗansa Usman Nagogo ya gaje shi a 1944, jikansa Muhammadu Kabir Usman a 1981, sai Abdulmumini Kabir Usman a 2008. Fiye da ƙarni guda ke nan Katsina ba ta ga tuɓe sarki ba, abin da Kano da Sakkwato da Gwandu ba za su iya faɗa ba. Mai ƙalubale zai ce: ga naɗin da bai bi ƙa'ida ba ya haifi zaman lafiya, ina amfanin ƙa'idar? Ba zan rage wa wannan hujja ƙarfi ba. Amma malamai sun daɗe da raba tambaya biyu da mutane ke cakuɗawa. Akwai tambayar ko za a yi wa wanda ya riga ya kafu biyayya, kuma galibin malaman Sunna sun ce a yi, don gudun fitinar da ta fi zaluncin farko muni. Akwai kuma tambayar ko ya halatta a kafa shi ta wannan hanya tun farko, kuma amsar ba ta canzawa don abin ya zo da kyau. Wanda ya yi harbi cikin duhu ya sami barewa ya ci nama, amma ba za a koya wa yara farauta da misalinsa ba. Turawan da suka dace da Dikko su ne suka naɗa Yero shekara biyu kacal kafin nan, bayan sun tuɓe Abubakar, suka dawo suka ce sun yi kuskure. Karɓuwar da gidan Dikko ya samu kuwa aiki ne na shekaru, na auratayya da kyauta da iya zama da manyan gidaje, wato ya koma ya nemi shaidar da aka tsallake ranar naɗinsa. Da shaidar ba ta da amfani, da bai wahalar da kansa wajen nemanta ba.

Daga nan wani zai juyo ta ɗaya gefen ya ce: to ai tun 1944 ɗa ke gadon uba, kuma sarakuna ukun da suka biyo bayan Dikko duk sun riƙe sarautar Magajin Gari kafin su hau, kowa ya san inda rawani zai faɗa, zaman mutum huɗun nan biki ne kawai. Haka aka riƙa faɗa game da Jamus, inda gidan Habsburg ya riƙe karaga daga 1438 zuwa 1806 in ban da ɗan taƙi daga 1742 zuwa 1745. Amma tun daga 1519 masu zaɓe can suna sa ɗan takara ya rattaba hannu a kan sharuɗɗa kafin su ba shi, kuma ɗan taƙin nan na shekara uku ya tuna wa Habsburg cewa ƙofar ba a kulle take ba. Ikon cewa a'a yana aiki ko da ba a furta shi ba. Ɗan sarkin da ya san wata rana zai buƙaci bakin 'Yandaka da na Ƙaura zai yi shekara talatin yana kiyaye yadda yake mu'amala da mutanen Dutsin-Ma da na Rimi. Sharaɗin kawai shi ne a'ar ta kasance mai yiwuwa da gaske.

Sai ƙalubalen 'yan zamani: me ya sa mutum huɗu, waɗanda su ma gado ya kawo su, za su yanke wa miliyoyi? A kafa akwati kowa ya jefa. Akwai gaskiya a cikin wannan ƙorafi, domin sharaɗin Al-Mawardi adalci ne da ilimi da basira, bai ambaci haihuwa a wani gida ba, kuma babu tabbacin cewa jikan adali adali ne. Sai dai akwati bai kuɓutar da kowa daga matsalar shaida ba, ya ɗauke ta ne daga ɗaki ɗaya ya kai wani. A nan Kurfi ke shigowa. A zaɓen shugaban ƙasa na 11 ga Agusta 1979, doka ta ce sai ɗan takara ya sami kashi ɗaya bisa huɗu na ƙuri'u a biyu bisa uku na jihohi 19. Alhaji Shehu Shagari ya fi kowa ƙuri'u, ya cika sharaɗin a jihohi 12, a Kano kuwa ya tsaya a kashi 19.94 cikin ɗari. Shin biyu bisa ukun 19 jihohi 13 ne, ko 12 da biyu bisa ukun ta goma sha uku? Miliyoyin da suka yi layi a rana ba su ne suka amsa ba. Hukumar zaɓe ce ta amsa, Cif Awolowo ya garzaya kotu, alƙalai bakwai na Kotun Ƙoli suka rufe maganar ranar 26 ga Satumba, shida suka tabbatar da nasarar Shagari, Mai Shari'a Kayode Eso ya saɓa. Zaɓen ƙasa guda ya ƙare a hannun mutanen da ba su fi cikin zaure ɗaya ba, kuma gardamar da aka yi shekaru ana yi a kansa ba ta wuce tambayar ko waɗannan 'yan tsirarun sun kuɓuta daga tuhuma ba. Ahmadu Kurfi da kansa ya ga abin ya isa a rubuta, ya wallafa littafi a kan zaɓukan 1959 da 1979. Ban da haka, sarki a yau ba ya riƙe da kotu ko gidan yari ko 'yan doka; gwamnatin soja ta karɓe su daga En'e a ƙarshen shekarun 1960, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya kwashe sauran. Abin da ya rage masa shi ne zama uban kowa, wanda ɗan kowace jam'iyya zai iya durƙusawa gabansa. Ranar da aka ce sai ya yi yawon neman ƙuri'a, to ya zama ɗan takara mai magoya baya da 'yan adawa, abu ɗayan da ya rage masa ya tafi.

Ƙalubale na ƙarshe shi ne wanda doka ke goyon baya a yau: gwamna zaɓaɓɓe ne, hakimai ba zaɓaɓɓu ba ne, don haka maganarsa ce ya kamata ta zama ta ƙarshe. Yana da kyau a tuna inda wannan iko ya samo asali. A Sakkwato, cikin Maris 1903, Lugga ya shaida wa manyan gari cewa ikon naɗa sarakuna da tuɓe su ya koma hannun Ingila ta hanyar cin yaƙi. Majalisa za ta iya kawo suna, amma sai Babban Kwamishina ya amince. Wannan ikon ne ya gangaro daga Gwamnan Arewa zuwa gwamnonin soja zuwa na farar hula, bai taɓa bi ta wata shawara da jama'a ba. Ko an ajiye asalinsa gefe, gwamna ya faɗi jarrabawar Risala tun daga layin farko, domin shi ne mutumin da ya fi kowa amfana ko cutuwa da wanda zai zama sarki. Wa'adinsa shekara huɗu ne ko takwas, na sarki rai ne, kuma yana da zaɓe a gabansa. An ga sakamakon a Sakkwato a Nuwamban 1988, lokacin da aka sanar da Ibrahim Dasuƙi alhali gari ya riga ya ji sunan Muhammadu Maccido, aka yi tarzoma aka rasa rayuka, sannan a 1996 wata gwamnatin sojan ta tuɓe Dasuƙi ta naɗa Maccido. An ga shi a Kano, inda aka raba masarauta biyar a 2019, aka tuɓe Muhammadu Sanusi na Biyu ranar 9 ga Maris 2020, aka soke dokar aka mayar da shi a Mayun 2024, gari ya wayi gari da mutum biyu kowanne ana yi masa fadanci. A juyin 2020 da na 2024 an tara masu zaɓen sarki sun sa hannu. Sa hannun da ke bin duk wanda ke gidan gwamnati ba ya gaya wa kowa komai game da cancanta ko karɓuwa. Gwamna na da aikin da ya dace da shi, irin na alƙalin da ke duba ko shaidu sun cika sharaɗi kafin ya zartar, amma alƙali ba ya rubuta wa shaidu abin da za su faɗa. A Maris 2008 Katsina ta wuce wannan mataki lafiya, kuma abin sha'awa, gwamnan da ya miƙa amincewa, Ibrahim Shehu Shema, ɗan Dutsin-Ma ne, wato a al'adance talakan 'Yandaka ne da tsarin mulki ya ɗora a saman hakiminsa.

Wannan juyin matsayi shi ne ainihin raunin majalisar a yau, ya fi batun gado ko ƙarancin adadi. 'Yandakan ƙarni na goma sha tara yana da dawakai da barori da hatsin ƙasarsa, sarki bai isa ya taɓa shi ba tare da lissafi ba. Hakimin yau ma'aikaci ne mai albashi, sarki ke naɗa shi da amincewar gwamnati, kuma takarda ɗaya ta isa ta dakatar da shi. Mutum zai iya zama adali, mai ilimi, mai basira, ya cika sharuɗɗan Al-Mawardi uku, amma idan abincin gidansa da rawanin kansa suna hannun wanda ke jiran jin sunan da zai ambata, to fiƙihun da muke karantarwa a zaurukanmu ya riga ya sa shi cikin masu tunkuɗe wa kansu cuta. Laifin na tsarin ne, domin ba a tambayar mai shaida ya zama jarumi kafin a karɓi maganarsa, ana kawar masa da abin tsoro ne. Abin da hakan ke nema a aikace ba shi da yawa: dokar masarauta ta hana tuɓe ko dakatar da mai zaɓen sarki sai ta hanyar kotu, ta hana sauya adadinsu ko ƙara wasu a lokacin da karaga ke jiran mai hawa, ta wajabta musu jin ta bakin malamai da dagatai da 'yan kasuwar ƙasarsu kafin su shiga ɗaki, kamar yadda Ibn Auf ya bi gidajen Madina, sannan idan gwamna zai ƙi sunan da suka kawo ya rubuta dalilinsa a fili ya mayar musu su sake zama. Majalisar dokokin jiha ce ke da ikon rubuta wannan, kuma Dutsin-Ma da Kurfi duk suna da wakilai a cikinta.